BABI NA UKU: HANYOYIN NAZARIN SARƘOƘIN SUKARI DA KE MANNE DA FUROTIN A CIKIN ƘARO

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin itatuwan da ake samun ƙaro a jikinsu a ƙasar Gumel, wato ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, tare da yadda ake tsaga ɓawonsu bayan ɗaukewar ruwan sama, a dawo bayan makonni a ɗebe ƙaron da ya daskare. A wannan babi kuwa za a karkata ne zuwa ɗakin gwaje-gwaje, domin a ga hanyoyin da masana kimiyya suke bi wajen gano abin da ke ƙunshe cikin ƙaro. Dalilin yin haka shi ne, mai sayen ƙaro a kasuwa irin ta Maigatari yana dogara ne da idonsa, ya dubi launi da girman ƙulli da tsabta, alhali kamfanin da zai yi amfani da shi a Turai ko Amurka ko Indiya abin da ya dame shi wani ɗan ƙaramin kaso ne na furotin wanda sarƙoƙin sukari suka lulluɓe, wanda ido ba ya gani. Idan sakamakon gwaji ya saɓa da abin da aka rubuta a jikin buhu, to farashi yakan faɗi, wani lokaci ma a ƙi karɓar kayan. Saboda haka za a bi hanyoyin ɗaya bayan ɗaya, a nuna tambayar da kowace take amsawa da kuma inda ƙarfinta ya tsaya.

3.1 Ma'anar Furotin Mai Sarƙar Sukari

Furotin dogon zare ne da aka ƙulla da ƙananan sinadarai da ake kira amino asid. A jikin tsirrai da dabbobi sau da yawa ba a samun wannan zare tsirara, sai a tarar an rataya masa sarƙoƙin sukari a wasu gurabe. A nan ya kamata a lura cewa idan masana suka ce sukari, ba wanda ake zubawa a koko kaɗai suke nufi ba. Suna nufin dangi guda na sinadarai, waɗanda suka haɗa da gulukos da galaktos da arabinos da ramnos da manos da zailos da fukos.

Masana sun kasa ratayuwar sukari a jikin furotin gida biyu kamar haka:

(i) Ɗaurin N, inda sarƙar take kama amino asid mai suna asfarajin ta kan naitirojin ɗinsa.

(ii) Ɗaurin O, inda sarƙar take kamawa ta kan oksijin. A tsirrai, yawanci takan kama amino asid mai suna haidiroksifurolin, a wasu lokuta kuma serin.

Lamport da Northcote ne suka nuna a shekarar 1960 cewa akwai haidiroksifurolin a bangon ƙwayoyin halittar tsirrai, sannan a 1967 Lamport ya nuna cewa sukarin arabinos yana ɗaure da shi kai tsaye. Ƙaro yana cikin wannan kaso na biyu.

A Nijeriya ana kasa ƙaro daraja uku. Lamba ɗaya shi ne na ɗakwara, wadda masana suka daɗe suna kira Acacia senegal. Lamba biyu shi ne na dumshe, wato Acacia seyal. Lamba uku kuwa gauraye ne na sauran itatuwa, musamman dangin ciriri. Babban aikin ɗakin gwaji shi ne ya bambance waɗannan, ya kuma auna ingancin kowanne.

3.2 Shirya Samfuri da Gwaje-gwajen Farko

Kafin a fara kowane gwaji, sai an ɗebi samfuri daga buhuna daban-daban, sama da tsakiya da ƙasa, domin buhu ɗaya yakan ƙunshi ƙaron itatuwa da yawa. Daga nan a tsince ɓawo da yashi, a niƙa, a narkar a ruwa mai tsabta ba tare da tafasawa ba, a tace. Ana gudun tafasawa ne saboda zafi mai tsawo yana lalata furotin ɗin, ya sa ya kwanta a ƙasa. Idan ana bukatar tsantsar ƙaro, sai a zuba ruwan a wata jakar tata mai ƙananan ƙofofi, a jiƙa ta cikin ruwa, gishiri da ƙananan sinadarai su fice, manyan ƙwayoyin ƙaron su saura.

Kwamitin haɗin gwiwa na Hukumar Abinci da Aikin Gona da Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ake kira JECFA, shi ne yake tsara ƙa'idojin ƙaron da ake sa wa a abinci, wanda lambarsa ita ce 414. Daga cikin ƙa'idojin akwai cewa danshin ƙullin ƙaro kada ya wuce kashi 15 cikin ɗari, toka kuma kada ta wuce kashi 4. Haka kuma ana ɗiga ruwan aidin domin a ga ko an gauraya sitaci, ana kuma ɗiga ferik kulorayid domin a ga ko akwai tanin, wato sinadarin nan mai bauri irin na bagaruwa. Idan ruwan ya yi baƙi, to akwai shi.

3.2.1 Karkatar Haske

Gwajin da ya fi saurin bambance ɗakwara da dumshe shi ne na karkatar haske. Ana zuba ruwan ƙaro a bututun gilashi, a sa a na'urar folarimita, wadda take harba hasken da aka tace ya bi fuska ɗaya. Ƙaron ɗakwara yana karkatar da hasken zuwa hagu da kimanin digiri 30, na dumshe kuwa zuwa dama da kimanin digiri 50. A shekarar 1990 kwamitin JECFA ya ƙayyade cewa ƙaron abinci ya kasance tsakanin digiri 26 zuwa 34 ta hagu. Daga baya an janye wannan sharaɗi, kuma kafin ƙarshen shekarun 1990 aka shigar da dumshe cikin ma'anar ƙaron abinci. Duk da haka gwajin bai rasa amfaninsa ba. Alal misali, idan aka gauraya buhu tara na ɗakwara da buhu ɗaya na dumshe, lissafi zai ba da kimanin digiri 22 ta hagu, wato an fita daga iyakar da aka san ɗakwara da ita. Sai dai gwajin yana da rauni, domin akwai wasu itatuwan da ƙaronsu shi ma hagu yake karkatar da haske, saboda haka ba a dogara da shi shi kaɗai.

3.2.2 Auna Furotin

Ana auna furotin ta hanyar Kjeldahl, wadda wani masani ɗan ƙasar Denmak ya fito da ita a 1883. Ana dafa samfurin a salfurik asid har naitirojin ɗin cikinsa ya koma amoniya, a tatso ta, a auna. A yawancin abinci ana ninka adadin naitirojin da 6.25 domin a sami furotin, amma D. M. W. Anderson na Jami'ar Edinbara ya nuna cewa 6.6 ya fi dacewa da ƙaro. Ke nan ƙaron ɗakwara mai naitirojin kashi 0.33 yana da furotin kimanin kashi 2.2 cikin ɗari. Na dumshe kuwa bai cika wuce rabin haka ba. Wannan gwaji yana faɗin yawan furotin ne kawai, ba ya faɗin yadda yake zaune a cikin ƙaron.

3.3 Gano Ire-iren Sukarin da ke Cikin Sarƙa

Tambaya ta gaba ita ce, waɗanne sukari ne suka haɗu suka yi sarƙar, kuma nawa ne kason kowanne? Ana fara auna jimillar sukari da hanyar Dubois da abokan aikinsa ta 1956, inda ake zuba finol da salfurik asid, ruwan ya koma ruwan goro, a auna kaurin launin da na'ura. Sukari masu tsami, wato yuronik asid, suna da nasu gwajin, wanda Blumenkrantz da Asboe-Hansen suka wallafa a 1973.

Domin a san kowane sukari da sunansa, dole a tsinke sarƙar. Ana yin haka ta dafa samfurin a asid. Hanyar da Albersheim da abokan aikinsa suka yaɗa a 1967 tana amfani da tirayifuloro-asetik asid a zafin digiri 121 na tsawon awa ɗaya, kuma amfanin wannan asid shi ne yana tashi ya bi iska, ba ya barin saura. A nan akwai matsala da mai gwaji ya kamata ya sani. Arabinos yana saurin ɓallewa, idan kuma aka daɗe ana dafawa sai ya lalace, amma ɗaurin da ke tsakanin gulukuronik asid da galaktos yana da taurin tsinkewa. Saboda haka dahuwar da ta ishi ɗaya ba ta isar ɗayan, shi ya sa ake gwada lokuta daban-daban a kwatanta.

Bayan tsinkewa sai rarrabewa, wadda ake kira kuromatogirafi. Mafi sauƙinta ita ce a ɗiga ruwan a kan faranti mai siririn shafe, a tsoma gindinsa cikin ruwan sinadari. Yayin da ruwan yake hawa, kowane sukari yakan tsaya a nasa matsayi, sai a fesa magani ɗigo-ɗigon su bayyana. Ƙa'idar JECFA ta ce a ga arabinos da galaktos da ramnos da gulukuronik asid, kada kuma a ga manos ko zailos ko galakturonik asid. Wannan yana da muhimmanci a ƙasar Hausa, domin ƙaron marke yana ɗauke da manos, don haka idan ya shiga buhun ɗakwara farantin zai tona. Idan ana son adadi daidai, sai a mayar da sukarin zuwa siffar da za ta iya zama tururi, a tura su cikin na'urar rarrabe tururi.

Alƙaluman da aka saba kawowa a kan ire-iren ƙaron biyu, a kaso cikin ɗari na sukarinsu, su ne kamar haka:

Ɗakwara: galaktos 44, arabinos 27, ramnos 13, yuronik asid 16.

Dumshe: galaktos 38, arabinos 46, ramnos 4, yuronik asid 12.

Idan aka dubi waɗannan alƙaluma za a ga cewa a ɗakwara galaktos ya fi arabinos yawa, a dumshe kuwa arabinos ne a gaba, ramnos kuma ya yi ƙasa ƙwarai. Ƙasa da shekarun itace da yanayi suna ɗan sauya adadin, amma wannan bambanci yana nan.

3.4 Gano Yadda Sarƙar ta Ƙullu

Sanin ire-iren sukari bai isa ba, kamar yadda sanin yawan tubali da azara ba ya nuna fasalin ɗaki. Ana bukatar a san ta wace kusurwa kowane sukari ya kama ɗan'uwansa. Kowane sukari irin galaktos yana da gurabe da aka sa wa lamba 1 zuwa 6, kuma ɗauri yana iya faruwa a da yawa daga cikinsu.

3.4.1 Hanyar Shafa Metil

Hikimar wannan hanya ta yi kama da ta marina. Idan aka ɗaɗɗaure ƙyalle aka tsoma a baba, duk inda ɗauri yake ba ya kama shuni, kuma bayan an kwance, fararen wuraren su ne suke nuna inda aka ɗaure. Haka nan, ana shafa sinadarin metil a kan duk guraben da suke a sake tun sarƙar tana ƙulle. Bayan nan a tsinke ta da asid, a sa wa guraben da suka buɗe wata alama dabam, wato asetil, sannan a karanta da na'urar rarrabe tururi haɗe da ma'aunin nauyin ƙwayoyi. Galaktos ɗin da aka samu da metil a gurbi na 2 da na 4 kaɗai, to an kama shi ta 1 da 3 da 6, wato mararraba ce inda reshe ya fita. Hakomori ya sauƙaƙa wannan aiki a 1964, sannan Ciucanu da Kerek suka ƙara sauƙaƙa shi a 1984 ta amfani da garin soda mai ƙuna.

3.4.2 Ɓare Sarƙa ta Hanyar Smith

A wannan hanya ana zuba sinadarin feriyodet, wanda yake fasa duk sukarin da ke da gurabe biyu a sake maƙwabtan juna. Sukarin da ke bakin rassa suna fashewa, amma galaktos da aka kama ta 1 da 3 yana tsira. Idan aka maimaita sau da yawa, sai a riƙa ɓare ƙwayar kamar albasa har a kai ga ƙashin bayanta. Anderson da abokan aikinsa sun yi wa ƙaron ɗakwara haka a 1966. Sakamakon waɗannan hanyoyi biyu ya nuna cewa ƙashin bayan sarƙar galaktos ne mai ɗaurin 1 da 3, rassa suna fita ta gurbi na 6, arabinos da ramnos da gulukuronik asid kuma suna wajen gefe. Wannan yawan rassa shi ya sa ƙwayar ƙaro take a dunƙule, har ake iya narkar da shi da yawa a ruwa bai yi kauri sosai ba. A yau ana tabbatar da irin wannan sakamako da na'urar maganaɗisu ta NMR, wadda ba ta bukatar a fasa samfurin.

3.5 Gano Kason da ke Ɗauke da Furotin

Wannan shi ne sashen da ya fi shafar darajar ƙaro. Masu haɗa tawada da masu wankin hula danƙonsa suke bukata, amma kamfanonin lemon kwalba suna sayensa ne domin yana sa man ɓawon lemo ya zauna cikin ruwa bai taso sama ba. Randall da Phillips da Williams, masu bincike a yankin Wels na Birtaniya, sun nuna a 1988 cewa ɗan kaɗan ne daga cikin ƙaron yake manne wa ɗigon mai, kuma shi ne kaso mai manyan ƙwayoyi da yawan furotin. A 1989 suka raba ƙaron ɗakwara gida uku:

(i) Arabinogalaktan: kimanin kashi 88 na ƙaron, furotin ɗinsa bai kai kashi 1 ba.

(ii) Arabinogalaktan mai furotin: kimanin kashi 10, furotin ɗinsa kusan kashi 12, nauyin ƙwayarsa kimanin dalton miliyan ɗaya da rabi.

(iii) Gilaikofurotin: kimanin kashi 1, wanda kusan rabinsa furotin ne.

Kaso na biyu shi ne ke yin aikin. Zaren furotin yana gudun ruwa ya kama mai, sarƙoƙin sukari kuma su bazu cikin ruwa su hana ɗigon man haɗuwa. Saboda haka buhu biyu suna iya yin daidai a gwajin Kjeldahl amma su bambanta a aiki.

Ana auna wannan kaso ta hanyar tura ruwan ƙaro cikin bututun da aka cika da ƙananan duwatsu masu ƙofofi. Saɓanin rariya, a nan manyan ƙwayoyi ne suke fara fita, domin ba sa iya shiga ƙofofin, ƙanana kuwa su tsaya yawo a ciki. A bakin bututun akwai na'urori masu auna yawan abin da ya fito da furotin ɗinsa da nauyinsa.

Akwai kuma hanya mai sauƙi ta amfani da jan rini na Yariv, wanda aka fara haɗawa a 1962. Van Holst da Clarke sun nuna a 1985 cewa idan aka gauraya rinin da daskararren agaros, aka huda ramuka aka zuba samfuri, sai jan zobe ya fito kewaye da ramin, kuma faɗin zoben yana tafiya da yawan arabinogalaktan mai furotin. Abin lura shi ne, ƙaro ne ma'aunin da ake gwada sauran tsirrai da shi a wannan gwaji.

3.6 Raba Sukari da Furotin

Domin a ga ainihin wurin ɗauri, ana bin ɗayan hanyoyi uku. Ta farko ita ce a rusa furotin a bar sukari. Lamport da Miller sun yi haka a 1971 ta dafa samfuri a bariyom haidiroksayid, wanda yake tsinke zaren furotin amma ba ya taɓa ɗaurin sukari da haidiroksifurolin, sai a sami kowane haidiroksifurolin riƙe da sarƙarsa. Ta biyu ita ce a cire sukari a bar furotin, ta amfani da haidirojin fulorayid marar ruwa, kamar yadda Mort da Lamport suka bayyana a 1977. Wannan sinadari yana da haɗari ƙwarai, yana cin gilashi da naman jiki, don haka sai a ɗakin gwaji mai kayan kariya na musamman. Ta uku ita ce a sa inzayim mai cin furotin, irin su furonas, a ga yadda nauyin ƙwayar zai ragu.

Waɗannan hanyoyi sun haifar da ra'ayoyi biyu a kan siffar ƙwayar. Masu amfani da inzayim sun ga babbar ƙwayar ta watse zuwa dunƙule-dunƙule, sai suka ce ta yi kama da furen itatuwan dangin bagaruwa, wato ƙulle-ƙullen sukari rataye da zare ɗaya. Qi da Fong da Lamport kuwa, a 1991, sun ce ta fi kama da murɗaɗɗiyar igiya mai gashi, wadda zarenta ya kai amino asid kimanin 400. Wannan ya nuna cewa hanyar da aka bi da kuma kason da aka ɗauka suna tasiri a kan abin da aka gani.

3.7 Ɗaurin N a Sauran Amfanin Gona

Ko da yake ƙaro na ɗaurin O ne, wasu furotin na cikin ƙwayar gyaɗa da wake suna da ɗaurin N, kuma hanyar nazarinsu dabam ce. Ana amfani da inzayim ya yanke sarƙar daga gindinta, a liƙa mata alama mai ƙyalli, a rarrabe, a auna nauyinta. Tarkon da ke nan shi ne, inzayim ɗin da aka fi sani, PNGase F, ba ya yanke sarƙar da ke da fukos mai ɗaurin 1 da 3 a gindi, kamar yadda Tretter da abokan aikinsa suka nuna a 1991, alhali wannan siffa ta yawaita a tsirrai. Wanda bai san haka ba zai ɗauka sarƙar babu ita. Maganin haka shi ne amfani da PNGase A, wanda ake samu daga ƙwallon almon.

3.8 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa babu hanya ɗaya da take amsa dukkan tambayoyi. Karkatar haske da farantin rarrabe sukari suna nuna itacen da ƙaro ya fito da kuma ko an yi masa gauraye. Hanyar Kjeldahl tana faɗin yawan furotin. Shafa metil da hanyar Smith suna nuna ƙullin sarƙa. Bututun rarrabe ƙwayoyi da rinin Yariv kuwa su ne suke nuna kason da ke haɗa mai da ruwa. Daga cikin waɗannan, awon danshi da toka da karkatar haske da naitirojin da farantin sukari ba sa bukatar manyan na'urori, kuma su ne suka fi dacewa da wurin tara kaya. Sauran aiki ne na jami'o'i da cibiyoyi irin su Cibiyar Binciken Roba ta Nijeriya, wadda binciken ƙaro yake hannunta, take kuma da reshe a Gashuwa ta Jihar Yobe. Tun da yaƙi ya ɓarke a 2023 a Sudan, ƙasar da ta fi kowace fitar da ƙaro, masu saye suka ƙara waiwayar Chadi da Nijeriya. Amma gwaji ba ya gyara kayan da aka riga aka cakuɗa, yana tona su ne kawai, don haka raba ɗakwara da dumshe da marke tun daga daji shi ne matakin farko. A babi na huɗu za a dubi yadda ake tarawa da adanawa da kasuwancin ƙaro a ƙasar Gumel, bisa ma'aunan da aka bayyana a nan.